Ƙafafun Aro a Hanyar Birnin Raɓa

Akwai wani birni da aka gina da raɓa. Na gan shi, na shiga cikinsa, kuma ba da ƙafafuna na shiga ba. Wanda ya ga dama ya yarda.

Ni ba mai wasan waya ba ne. Tun da na gama sakandare ban zama mai komai ba. In tashi, in share ƙofar gida, in zauna a dakali ina kallon masu wucewa. Abokina ɗaya ne, Mudassir, Mudan muke ce masa. Lungu ne kawai ya raba gidanmu da nasu. Da muna makaranta, in na je wurinsa sai ya rako ni, in ya rako ni sai in raka shi, haka za mu yi ta kai da komo har Ummansa ta leƙo ta ce ko za a shimfiɗa mana tabarma a tsakiyar lungun ne. Bana ciwo ya kashe wannan rakiyar. Sikila gare shi tun haihuwa. Bai taɓa buga ƙwallo an tashi da shi ba. Duk gudun da ya yi a duniya, a cikin waya ya yi shi.

Tun bara yake damuna da zancen wani sabon wasa da za a buɗe, Rana Ɗaya sunansa. Wai mutanen duniya za su shiga ƙasa guda lokaci guda, kowa daga ɗakinsa. Wai aljanun ciki suna jin magana, duk harshen da ka yi musu da shi za su amsa maka. Jinsa kawai nake yi.

Ranar da aka buɗe, da hantsi ya shiga ya gina mutumin da zai yi wasan da shi. Kafin azahar ciwon ya kayar da shi. Umma ta aiko a kira ni.

Na same shi kwance a katifa, hannuwansa a kan matashi, yatsun sun kumbura kamar an hura su. An ba shi magani, an ce a jira. Wayar tana gefensa tana haske.

"Sannu, Mudan."

"Bar sannun nan, Tasi'u. Ɗauki wayar."

"Ban iya ba."

"Kana da yatsu, ina da kai. In aka haɗa mu an samu mutum guda."

Na ɗauka. A fuskar wayar ga wani dogon saurayi baƙi, faffaɗan ƙirji, an rubuta Gudau a saman kansa. An ba kowa rabon ƙarfi ya kasa yadda ya so, ko a takobi, ko a sihiri, ko a sulke. Mudan bai sa ko ɗigo a takobi ba. Duk a ƙafa ya zuba.

"Rai ɗaya gare shi," in ji Mudan. "In ya mutu ba a ba da wani. Wayar nan ba za ta sake shiga ba har abada. Kar ka kashe min shi."

Na dube shi. Ba wasa a fuskarsa. Na kwanta kusa da shi, kanmu a haɗe, na ɗaga wayar a samanmu, na danna.

Abin da na fara gani kogi ne, amma a sama. Yana tafe daga gabas zuwa yamma a inda gajimare ya kamata ya zauna, ba abin da ya riƙe shi. Kifayen cikinsa kowanne ya kai motar ɗaukar shanu, in inuwar ɗaya ta bi ta kan fili sai ciyawa ta kwanta. Ciyawar fara ce fat. Mutane suna ta zubowa daga kogin kamar ƙanƙara, kowa da sunansa a saman kansa, wasu da rubutun da ban taɓa gani ba. Na manta waya nake riƙe da ita.

A tsakiyar filin wata halitta tana tsaye, tsawon hasumiya, jikinta na yumɓu ne da ya tsattsage, wuta tana leƙowa ta tsagogin. Ba ta da baki. Da za ta yi magana, ƙasa ce ta yi, daga ƙarƙashin ƙafafunmu.

"Ya ku 'ya'yan Adam da kuka sauko ba a kira ku ba, ku ji doka. Ranar ƙasar nan sau ɗaya take faɗuwa. Wanda ta faɗi yana cikin ganuwar Birnin Raɓa, ya zama namu, ya zauna abinsa. Wanda ta faɗi yana waje, Masu Shara za su share shi, shi da sunansa da sawunsa. Birnin yana yamma. Ban hana kowa hanya ba, ban nuna wa kowa ba."

Jama'a suka kwasa yamma. Na tura babban yatsana, Gudau ya bi su.

A bakin filin akwai wata bishiya mai ganyen gilashi, in iska ta kaɗa sai ta yi ƙara kamar ana wanke kofuna. A gindinta wata tsohuwar aljana tana zaune, 'yar ƙarama, farin gashinta yana tashi sama kamar hayaƙi, idanunta babu baƙi ko kaɗan. Akushi ne a gabanta, cike da wani abu kamar dambu, sai dai yana haske. Duk wanda ya damƙi ɗaya ya kai baki, sai fukafukai su ɓullo masa a gadon baya, ya tashi sama. Ba mai ce mata komai. A damƙa, a tashi.

"Shi ke nan, mun haye," in ji Mudan. "Je ka ci."

Da layi ya zo kaina na sa Gudau ya durƙusa.

"Ina wuni, Iya?"

Ta ɗago kai. "Lafiya lau, ɗan Adam. Sannu da sauka. Ga abinci, sa hannu."

Bakina ya riga kaina amsawa.

"Alhamdulillahi, Iya, na ƙoshi."

Haka aka rene mu. Ka tarar da mutane suna cin abinci, su yi maka tayi, ka ce ka ƙoshi ko da cikinka yana kuka. Su matsa, ka noƙe, su sake matsawa, sannan ka zauna. Jiran tayi na biyu nake yi.

Ta ja faifai ta rufe akushin.

"Madalla. Ba ma ɗura wa ƙosasshe."

Mudan ya yunƙura har sai da ya yi nishi. "Ka ƙoshi? Ka ƙoshi da me? Me ka ci?"

"Na zaci za ta sake tayi."

"Aljana ce, Tasi'u! Ba ƙanwar babarka ba ce!"

Na koma kanta. "Iya, ki yi haƙuri. Kunya ce ta sa. A wurinmu haka ake cewa da farko."

"Maganar fari muke ji, samari. A ƙasar nan ba mu da ta biyu."

Ta buɗe wa na bayana. Ya damƙa, ya tashi. Sama ta cika da masu fukafukai har suka rufe kogin, mu kuwa muna ƙasa. Mudan ya juya fuskarsa bango. Can ya juyo.

"Ai yana da ƙafa," ya ce. "Gudu."

Muka shiga wata ƙasa mai tuddai, jajaye, a jere kamar buhuna. Ban yi nisa ba na ga tudun gabana ya kumbura, ya sace. Ashe ba tuddai ba ne, wasu dabbobi ne suke barci, ƙasa ta rufe su har bishiyoyi sun tsiro a bayansu. In ɗaya ya ja numfashi, duwatsu da ciyawa da duk abin da ke gabansa sai su zurara cikin hancinsa. Wani mai sulken zinariya, da nauyi ya hana fukafukansa ɗaga shi, yana gabana yana taƙama. Aka ja numfashi. Na ga sunansa ya shige kogon hancin, ya mutu kamar fitilar da aka hure.

"Kar ka kalli ƙasa, saurari munsharin," in ji Mudan. Ya rufe ido. Ya san numfashi, ya sha kwanciya yana sauraron nasa. "Tsaya. Tsaya. Yanzu!"

Na tura. Gudau ya tashi da gudu, ƙura ta bi bayansa. Ban san mutum yana iya gudu haka ba. Haka muka wuce su ɗaya bayan ɗaya, shi yana ji, ni ina turawa.

Daga nan muka faɗa wani kwari inda ruwan sama yake tashi daga ƙasa. Ɗigo yana tsattsafowa daga cikin yashi, ya girma ya kai tulu, ya tashi sama ya tafi kogin. Wanda ɗigo ya kama, da shi yake tafiya, kifayen kuma suna jira baki buɗe. Na bi ta tsakaninsu ina kauce-kauce. Ɗaya ya kama gefen rigar Gudau, ya tafi da rabinta. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi, na goge a wando, na ci gaba.

Kwarin ya ƙare a bakin wani rami. Na leƙa. Ba shi da ƙasa, taurari ne a cikinsa, can nesa, da rana tsaka. Gadar da ke kansa zare ne guda ɗaya tak na auduga. Mai kaɗa zaren yana zaune a bakin ramin da mazari a hannu, wuyansa ya kai tsawon igiyar guga, ya naɗe shi a kafaɗa kamar rawani. Ya warware wuyan, ya kawo fuskarsa har ta cika wayar.

"Tsaya, matafiyi. Jiki ɗaya nake gani, numfashi biyu nake ji. Ku gaya mini wa ke ciki. In kuka yi ƙarya, zarena zai gane a tsakiya."

"Ranka ya daɗe," na ce, "ƙafafun nasa ne. Ni aro aka ba ni."

"Me ya hana mai su tafiya da su?"

Mudan ne ya amsa da kansa. "Ciwo, ranka ya daɗe. Kamar ana sara min ƙashi da gatari."

Mazarin ya tsaya.

"Mun san mutuwa," in ji shi. "Mun san mantuwa. Wannan ba mu san shi ba. Yana da nauyi?"

"Sosai."

"Mai aro da mai kaya mutum ɗaya ne a wurina, zarena zai ɗauke ku. Amma ba zai ɗauki na ukun ba. Ajiye ciwon nan gefena, ku haye."

Mudan ya yi dariya, ta farko tun shigowata. "Na ajiye, ranka ya daɗe. In ka ga dama ma ka riƙe, ba sai ka mayar ba."

Na hau zaren. Ya lotsa, ya yi ƙara, bai tsinke ba. Taurari a ƙasa, kogi a sama, mu a tsakiya. Na san wasa ne, mutane ne suka ƙera shi. Amma tun da muka hau har muka sauka ban ji nishin Mudan ba.

Muna haye ramin muka ga birnin.

Ban san yadda zan faɗa ba. Ɗigon raɓa ne, kowanne ya kai rumbu, an ɗora wani kan wani har sun yi ganuwa, sun yi soraye, sun yi hasumiyoyin da suka kusa taɓa kogin. A cikin kowane ɗigo akwai ɗaki, da mutum a ciki yana harkarsa, a kife, kansa ƙasa. Rana tana dukan bangon, hasken yana fashewa kala-kala yana zuba a kan fili. Na ji Mudan ya haɗiye yawu.

Na tura Gudau. Ya yi gudu. Birnin bai matso ba.

Na ƙara turawa har yatsana ya yi zafi. Duk takun da muka yi, birnin sai ya ja da baya taku ɗaya, a hankali, ba ƙara, ba ƙura. Masu fukafukai tun ɗazu suke binsa. Sun gaji, gashin yana zubewa, suna faɗowa ɗaya-ɗaya, su tashi su ci gaba da ƙafa suna zage-zage da harsunan da ban sani ba. Rana ta yi ja, ta sauka dab da hasumiyoyin.

Na waiga gabas, na ga Masu Shara. Sun jeru daga wannan bakin duniya zuwa wancan, dogaye, fuskokinsu a lulluɓe, kowanne da tsintsiya. Suna tafe suna shara ba gaggawa. A bayansu babu tuddai, babu kwari, babu rami. Fari kawai, kamar takardar da ba a yi rubutu a kanta ba.

Na zaunar da Gudau a kan wani dutse.

"Bar shi ya huta," in ji Mudan. "Ya yi gudu, ai na gani da idona."

Ban so muryar ba. Irin wadda yake yi ce in za a kai shi asibiti.

"Da na ci dambun nan..."

"Waɗanda suka ci ga su can suna faɗowa. Rufe min baki."

Sai muka ji sallama. Tsohuwar nan ce, akushi a ka, sanda a hannu. Ban san ta ina ta biyo ba.

"Salamu alaikum, ƙosasshe."

Na amsa, na sa Gudau ya tashi ya ba ta dutsen. Ta zauna tana mayar da numfashi.

"Zagayawa nake ina yi wa baƙi sallama kafin a share," in ji ta. "Ba wanda ya amsa mini. Kowa idonsa yana kan birni. Ina mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau, Iya."

"Ina mai ƙafafun?"

"Ga ni nan, Iya," in ji Mudan. "Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi." Ta ɗan zauna, ta kalli ranar. Sannan ta dogara sanda ta miƙe. "To, ni zan koma. Gidana yana bayan tudun can."

Gabas ta nuna. Wajen Masu Shara.

Na sa Gudau ya sauke akushin daga kanta ya riƙe, ya bi gefenta.

"Ina kuma za ka?" in ji Mudan.

"Rakiya."

"Rakiya? Ga birni can, ga tsintsiya can, kai tsintsiyar ka nufa?"

"Ta zo har inda muke zaune, Mudan. Sai ta tashi ta tafi ita kaɗai muna kallo?"

"Mutumina ne fa za ka kai a share."

"Na sani. Ko mun zauna share shi za a yi. In ka ce in dawo, in dawo."

Ina jin numfashinsa a kunnena. Yatsana yana kan gilashin, ban tura ba.

"Wallahi a gidanku an cuce ka da tarbiyya," ya ce. "Tafi. Ka bi da ita ta gefen da ba duwatsu."

Muka juya wa birnin baya. Tafiyarta a hankali take, sanda, taku, sanda, taku. Ƙarar tsintsiyoyin tana ƙaruwa. Da muka kai gindin tudun ta tsaya.

"Koma haka nan, samari. Rakiya ta yi."

A ƙasarsu maganar fari ce magana. A namu kuwa ba a komawa a maganar fari.

"A'a, Iya, mu ƙarasa."

Ta dube ni da fararen idanun nan, sai ta yi dariya, gashinta ya watse kamar an hura hayaƙi.

"Ku 'ya'yan Adam abin mamaki ne. A ce ku ci, ku ce kun ƙoshi. A ce ku koma, ku ce a ƙarasa."

Gidanta ƙofa ce kawai, tsaye a fili, ba bango, ba rufi. Masu Shara sun kusa har ina ganin tsinken tsintsiyarsu. Duk inda ya taɓa, ciyawa ta tafi, inuwa ta tafi, launi ya tafi. Ta karɓi akushinta ta ɗora a ka. Ba ta shiga ba.

"Ya kai ɗan Adam, tun da aka kafa ƙasar nan ba a taɓa rako ni ba. Muna da doka, wadda mai jikin yumɓu ba ta faɗa muku ba don ba ku tambaya ba. Wanda ya rako ɗan gida, ba a barinsa ya koma shi kaɗai. Juya, in taka maka."

"Iya, birnin ba ya kamuwa."

"Baƙo yake gudu. Ba ya gudun wanda ɗan gida ya rako."

Muka juya. Birnin yana can inda yake. Ta yi taku ɗaya, na yi ɗaya. Bai ja da baya ba.

Mudan ya ce, "La ilaha illallahu."

Amma sanda, taku, sanda, taku. Rabin rana ya riga ya nutse. Tsintsiya ta share ƙofar da muka baro.

"Goya ta!" in ji Mudan.

"Tsohuwar mutane?"

"To tambaye ta mana, malam mai kunya!"

"Iya, ko in goya ki?"

"Ga maganar fari, kuma ba ni da wata: goya ni."

Gudau ya durƙusa, ta hau, ta riƙe akushi da hannu ɗaya, wuyansa da ɗaya. Na kafa yatsa na tura har ƙarshen gilashin.

Duk abin da Mudan ya hana takobi, ya hana sihiri, ya hana sulke, a nan ya fito. Ƙasa ta zama zane-zane a ƙarƙashinmu. Gudau yana tsallake duwatsu, yana tsallake fukafukan da suka zube, gashin tsohuwar ya miƙe a bayanmu kamar tuta. Birnin yana girma, yana girma. Mudan ya dogara gwiwar hannu ya tashi zaune, abin da bai iya ba tun safe.

"Hagu! Hagu, Tasi'u! Tsallake! Haka ne! Tafi, Gudau, tafi!"

Labule ya ɗaga, Umma ta leƙo a firgice. "Lafiya? Mudassir, jikin ne?"

"Lafiya, Umma! Gudu nake yi!"

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta saki labulen.

Waɗanda suka faɗo suka ga birnin ya daina ja da baya a gabanmu. Suka biyo mu, da ɗingishi, da jan fiffike, har suka zama ayari.

"Iya, ana bin mu."

"Bar su. Wanda ya bi 'yan rakiya, shi ma ɗan rakiya ne."

Ƙofar birnin ɗigo ce guda, mafi girma. Saura bakin rana kamar yankan farce. Gudau bai rage gudu ba, ya faɗa cikinta. Komai ya yi shiru, ya yi shuɗi, ya juya kansa ƙasa, sannan muka ɓullo ta ɗaya gefen a tsaye. Na bayanmu suka yi ta shigowa. Ranar ta faɗi.

Na waiga ta cikin ganuwar. Waɗanda suka ƙi juyowa, suna can suna bin birnin ta wasu gefuna, sunayensu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba kuka, ba ƙara. Fari ya zo har gindin ganuwa ya tsaya.

Sai ɗigon suka fara kamawa. Na ƙasa tukun, sannan na sama, kowane ɗaki da haskensa, har birnin duka ya zama kamar an tara wata dubu an ɗora su kan juna. Titunan ruwa ne, amma ana taka su. Kifayen kogi suka sauko ƙasa-ƙasa suna leƙen hasumiyoyi. Mutanen cikin ɗigon suka daina abin da suke yi, suka juyo suna kallonmu, a kife, suna ɗaga hannu.

Tsohuwar ta sauka, ta ajiye akushi, ta ɗaga faifai.

"Samari, ƙanzo ya rage. Ko za ka..."

"Zai ci!" in ji Mudan. "Wallahi zai ci, Iya! Yunwa yake ji, tun jiya bai sa komai a cikinsa ba!"

Na sa hannu. Gudau ya ci. Ba fiffiken da ya fito.

"Fiffike a saman akushi yake, an cinye," in ji ta. "Ƙanzo ƙafa yake yi wa aiki. Daga yau ƙafafun nan ba za su gaji ba. A mayar wa mai su."

Ta ɗauki akushinta, ta shiga wani ɗigo, ta kife, ta tafi.

Na jingina wayar da matashi a gaban Mudan. Yatsunsa ba sa lanƙwasuwa. Ya dunƙule hannun yadda ya iya, ya sa bayan yatsa ɗaya a kan gilashin, ya cije leɓe, ya tura. Gudau ya motsa. Ya yi karo da bango. Ya juya, ya samu matakala, ya hau kan ganuwa. Sannan ya fara gudu, birni a hagunsa, farin da ba komai a damansa, kogi a samansa. Mudan bai ce in karɓa ba, ni ma ban miƙa hannu ba. Na zauna ina kallon hasken a fuskarsa har aka kira magariba.

Na miƙe na sa takalmi.

"Sai da safe."

"Tsaya." Ya ture wayar da gwiwar hannu. Ya sauko da ƙafa ɗaya daga katifa, ya huta, ya sauko da ɗayar. "Kama ni."

"Kwanta, dalla. Ai na san hanya."

"Maganar fari nake yi maka."

Na kama shi. Ba shi da nauyi. Muka fito tsakar gida, taku, hutu, taku, hutu. Umma tana alwala, ta tsaya da buta a hannu. Muka wuce ta, muka shiga zaure, muka kai bakin ƙofa. Ya jingina da bango yana haki, yana kallon lungun.

"To," ya ce. "Ka gaida gida."

"Za su ji."

Ban tafi ba. Na sake sa kafaɗata a ƙarƙashin hannunsa, na juya shi.

"Me kuma?"

"Doka ce. Ba a barin mai rakiya ya koma shi kaɗai."

Daga cikin gida Umma ta ce, "Ko in kawo tabarmar ne?"

Iyakar abin da na gani ke nan a ƙasar Rana Ɗaya. Sauran, mai ƙafafun ya sani.